Ranar Da Wuƙar Injin Yankan Kwano Ta Tsaya a Kan Hannuna

Na san rabinku za ku ce ƙarya nake, don kun saba da ni. To wanda zai yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ya hau mota ya zo Kura, in miƙa masa hannu ya shafa tabon da kansa. Hannun nan na dama da nake danna muku waya da shi, muciyar tuwo ce ta cece shi. Eh, muciya, irin wadda ke rataye a madafin gidanku.

Shekarun baya, kafin in koma sana'ar da nake yi yanzu, na yi aiki a wani ƙaramin kamfanin kwano da ke bakin titin Zariya, kafin ka shiga Kura. Kwanon rufi muke yi, da ƙofofin shago, da tankunan ruwa. Ni ne a kan injin yanka. In ban yanka ba, mai lanƙwasa ba shi da aiki, mai walda ba shi da aiki, don haka nake tafiya ina buɗe kafaɗa kamar ni na gina wajen.

Bari in kwatanta muku injin don ku gane abin da zai biyo baya. Tebur ne na ƙarfe, a ƙarshensa akwai wuƙa mai tsawon ƙofar gida in an kwantar da ita. Ka tura kwano, ka taka feda, wasu ƙafafun ƙarfe su fara saukowa su danne kwanon kada ya motsa, sannan wuƙar ta biyo baya, ƙat! A gefe akwai wata ƙatuwar tayar ƙarfe da ke juyawa, ita ke ba wuƙar ƙarfi. Ni dai na tabbata Turawan da suka ƙera injin nan jikokinsu ma sun mutu. Da yana da raga a gaba mai hana hannu shiga, an cire ta tun kafin in zo, wai tana rage sauri. Da kuma in an ɗauke wuta yakan mutu, ba ya tashi sai an sake kunna shi. Abin da ke yin wannan aikin ya ƙone, mai gyaran wuta ya haɗa waya kai tsaye, ya ce kafin a sayo sabo. Shekara biyu ana jiran sabon nan. Ma'ana, in wuta ta dawo ba ka ja hannun akwatin wutarsa da ke bango ƙasa ba, injin zai tashi da kansa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ni kuma na ƙara nawa wayon a kai. In aiki ya yi yawa, taka feda sau ɗari-ɗari yana gajiyar da ni, sai in samo guntun katako in buga shi da guduma ya danne fedar. Wuƙa ta yi ta sauka da kanta, ni turawa kawai nake ina waƙa. Ogan mu ya gani ya fi sau goma. Tunda aiki na fita, sai ya kalli sama.

Akwai wani dattijo da ke kula da janareta a ɗakin baya, kowa Baba yake ce masa. Kafin ni shi ne a kan injin nan. Yatsu uku ne a hannunsa na dama, kunnensa kuma ƙarar inji ta cinye shi, sai ka yi ihu a saitin fuskarsa yake ji. Wata rana na tsokane shi, na ce, "Baba, ina sauran biyun, ko ka ba da aro ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, ba zafi ake ji ba. Sanyi ake ji, kamar an ɗora maka ƙanƙara. Sai ka duba ƙasa ka ga abinka a kwance, ka ce na wane ne wannan?"

Na yi dariyar dole na wuce, amma maganar ta zauna mini.

Saura abu ɗaya da ya kamata ku sani, shi ne laifina mafi girma. Lokacin da tumatir ya yi arha, har ana zubar da shi a bakin titin Kadawa, na samo ruɓaɓɓu guda uku na cusa a safar hannu, na matse, na faɗi ƙasa ina birgima ina "Hannuna! Hannuna! Wallahi tallahi!" Abokin aikina mai lanƙwasa, wani ɗan Filato mai tausayin tsiya, ya yage rigarsa sabuwa don ya ɗaure mini. Oga ya tayar da mota. Sai da suka ga 'ya'yan tumatir na zubowa. Na sha zagi, na sha dundu, amma wata guda ina ba da labarin a majalisa ana riƙe ciki.

To ranar da abin ya faru, rani ne, zafi kamar an kifa mana tukunya. Mahaifina yana da gonar albasa a bakin kanal, ya daɗe yana ce mini in samo masa falle ɗaya na kwano mai kauri da zai riƙa tare ruwa da shi a bakin kwamin albasarsa, don buhun ƙasan da yake sawa kullum ruwa na cinye shi. Ranar kuwa kwano mai kauri muke yankawa na tanki, katakona na kan feda, wuƙa na ta sauka. Wajen ƙarfe ɗaya, ɗif, aka ɗauke wuta.

Al'adarmu in an ɗauke wuta kowa ya watse. Minti biyar ɗin nan kafin Baba ya tayar da janareta su ne hutunmu. Duk aka fita gindin mangwaro, inda Iya mai abinci take girki. Wata mata ce daga wajen Bunkure, ta haife ni ta sake haifa, bakinta ya fi wuƙar injina kaifi. Ni na tsaya, don na hango wani gutsure da ya maƙale a bayan wuƙa, daidai girman da mahaifina ke so. Na ce bari in zare shi yanzu da ba kowa, in ɓoye a bayan durom kafin oga ya ce a kai sikeli a sayar da shi cikin ragowar ƙarafa.

Tayar ta gama juyawa ta tsaya, wuƙa na sama. Akwatin wuta taku huɗu ne daga inda nake. Taku huɗu, jama'a. Na kalle shi, na ce haba, sakan biyu ne. Na shimfiɗa tafin hannu na zura ta ƙarƙashin ƙafafun nan, yatsuna suka taɓa gutsuren, na jingina ƙirjina da inji don in ƙara miƙewa.

Ban san ko jinginar da na yi ba ce, ko dama tayar ba ta gama zama ba. Na dai ji ta yi wani ɗan gurnani ta gangara kaɗan, sai ƙafa ɗaya ta sauko ta danne mini bayan hannu. Ba da sauri ba, a hankali, kamar mutum ya ɗora maka ƙafa a cikin sahu ya ƙi ɗagawa. Na ja, ko motsi. Na sake ja, na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Na sunkuya na leƙa. Bakin wuƙar yana sama da tsakiyar tafin hannuna, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Nan take lissafin ya zo mini gaba ɗaya. Akwati a kunne. Feda a danne. Baba yana ɗakin baya yana duba mai.

Na kai wa katakon shuri, ni na buga shi da guduma da safe, ya ƙi fita. Kuma ko ya fita na san halin injina, saran da ya fara sai ya ƙarasa shi. Na miƙa hannun hagu wajen bango kamar zai yi tsawo don tausayi. Na cire takalmi da ƙafa na jefi akwatin, ya bugi kalanda.

Sai na buɗe maƙogwaro. "Jama'a! Hannuna! Ku zo, hannuna!"

Daga gindin mangwaro na ji dariya ta tashi. Mai walda ya ɗaga murya, "Yau kuma da attaruhu ka haɗa ko zalla ne?"

"Wallahi da gaske nake! Wallahi tallahi!"

Abokina ɗan Filato ya ce, "My friend, riga ɗaya ya rage mini, ba zan yaga ba."

Aka sake fashewa. Ban taɓa jin dariya mai ban tsoro irin wannan ba. Rantsuwar da na yi musu ranar tumatir ita ce dai na sake yi, kalma ɗaya ba ta canza ba, to da me za su bambance?

Sai na ji janareta ta yi tarin farko. Gur-gur-gur, ta mutu.

Duk wanda ya yi aiki a wajen nan ya san janaretar nan. Batirinta ya tsufa, ba ta taɓa tashi a bugun farko ba, da wuya kuma ta wuce na uku. In ta tashi, Baba yakan bar ta ta ɗan yi zafi, sannan ya ja hannun da ke turo mana wuta. Na fara kiran Baba, ina sane ko a kunnensa na tsaya sai na maimaita, balle ta bayan bango biyu. Gumi ya shiga idona. Abin mamaki, hannun ya daina zafi. Sanyi na fara ji a yatsu, sai maganar Baba ta dawo mini, na leƙa da sauri in ga ko har an yi an gama ban sani ba. Suna nan, sun yi fari fat. Na motsa ƙaramin, ya motsa. Na tsaya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya kamar masu shirin tafiya. Da wannan nake cin tuwo. Da wannan nake gaisawa da mutane. Na tuna yadda Baba ke miƙa hannu a masallaci, yadda baƙo ke ɗan daburcewa kafin ya karɓa.

Na daina kiran suna, na koma salati da ihu a haɗe, muryata ta koma ta akuya.

Tari na biyu. Gur-gur-gur-gur, ta kusa kamawa, ta mutu.

Sai ga inuwa a bakin ƙofa. Iya ce, ɗaure da zani a ƙirji kan riga, muciya a hannu tuwo na manne a jiki. Ba ceto ta zo yi ba, duka ta zo yi.

"Kai ja'iri, ihun me kake mana? Ka hana ni jin rediyo, ka hana bayin Allah cin abinci. Yau sai na fasa maka..."

Ta sauke muciyar. Daga baya ta ce mini ba hannun ta gani ba, fuskata ta gani, wai leɓena ya koma kalar toka, kuma ba a yin wannan da tumatir.

"Iya, akwatin wuta! Bango! Ja hannun ƙasa!"

Ta juya. Akwatuna huɗu ne a jere, duk baƙin mai ya shafe rubutunsu.

"Wanne?"

"Na uku!"

"Daga ina?"

Wallahi shekara uku ina kunna akwatin nan kullum safiya, amma a lokacin kaina ya ɗauke. Daga ƙofa ne ko daga taga? Na ce daga ƙofa. Na ce a'a daga taga. Ta miƙa hannu ta janye.

"Hannuna da ruwa, ɗan nan! Abin nan zai ja ni!"

"Babu wuta a ciki, Iya!"

"In babu wuta me kake wa ihu?"

Tari na uku. Gur-gur-gur, sai ta kama. Ƙasa ta ɗauki rawa, na ji ƙarar ta shiga haƙorana. Yanzu abin da ya rage kawai Baba ya goge hannu da tsumma ya taka zuwa bango. Na san takun nan nasa, ba ya sauri, amma ba ya fasawa.

"Iya, duka! Kashe duka! Don Allah, don Annabi!"

Ta ce, "Bismillahi," ta kama muciya hannu biyu. Ta maƙala a hannun akwatin farko ta danno, ƙwas. Na biyu, ƙwas. Na uku ya cije. Dama yana cijewa, ni ma sai na sa ƙarfi, a nan na tabbata shi ne nawa. Ta danna, muciya ta zame. Ta sake, ta zame, tuwon jiki ya sa santsi.

"Buga shi, Iya! Buga!"

Ta ja da baya, ta ɗaga muciyar sama kamar mai faskare, ta sauke. Ban ga ko ta samu ba, don daidai nan fitilun rufi suka kawo, injin iska da ke ɗaya ɗakin ya yi wata irin kururuwa. Na runtse ido, na kawar da kai, na jira sanyin.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Abin da na fara ji muryar Iya ce tana haki.

"Buɗe idonka, ragon banza. Bai motsa ba."

Tayar na tsaye. Hannun akwatin na ƙasa, muciya ta rabe biyu.

Iya ta fita bakin ƙofa, ban san me ta ce musu ba, amma cikin ƙiftawar ido wajen ya cika, wasu da loma a baki. Ba mai dariya. Ɗan Filato ya riƙe kai yana kiran sunan Yesu, mai walda yana ta innalillahi. Kuma kada ku ɗauka an gama, don hannuna na nan a ciki. Sai an zura rodi a tayar an juya ta da hannu kafin ƙafar ta ɗaga. In an juya daidai, in fita. In an juya ɗaya gefen, su da kansu za su sauke mini wuƙar a hankali.

Oga ya ce, "Gaba za a yi."

Mai walda ya ce, "Oga, baya ne."

"Ni zan gaya maka ko kai za ka gaya mini?"

Suna musu a kan hannuna kamar masu cinikin rago, rodi na cikin taya, kowa ya riƙe gefe. Na ce, "Kada wanda ya taɓa! A kira Baba!"

Aka je aka jawo shi. Ya shigo bai tambayi kowa komai ba. Ya kalli katakon da ke kan feda, ya kalle ni. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin wuƙa, ya zagaya ya dafa tayar da hannun nan nasa mai yatsu uku, ya nuna baya. Ya ce, "A hankali. In na ɗaga hannu ku tsaya." Mutum uku suka danna rodi. Ƙarfe ya yi ƙara. Wuƙar ta yi wata 'yar girgiza da ta sa na kusa sakin fitsari, ina faɗin kusa ne don mutuncina, sannan ta fara hawa. Ƙafar ta saki. Baba da kansa ya zaro hannun ya riƙe shi a tafinsa, ya ƙirga yatsun da ƙarfi, ɗaya, biyu, har biyar, sannan ya ce, "Kai an bar maka." Ya juya ya koma wajen janaretarsa.

A asibiti aka ce ƙashi biyu sun tsage a bayan hannun. Na yi sati shida da ɗauri, ina cin abinci da cokali a hagu, miya na zuba a riga. Abin da aka yi shekara biyu ana jira a sayo, cikin kwana uku oga ya sayo shi, aka nemo ragar a bayan sito aka mayar. Mahaifina da ya ji dalilin da ya sa na zura hannu, washegari sai na ga ya cika buhunan ƙasa ya ɗora a keke. Bai sake yi mini maganar kwano ba.

Na ƙara shekara ɗaya a wajen kafin in bari, kuma ban sake ɗora katako a kan feda ba. Har yau in aka ɗauke wuta, ko a gida nake, sai na ji hannuna ya koma bayana da kansa. In na ji janareta ta yi tari ta mutu, sai in riƙa ƙirgawa ban sani ba. Tsokana dai ban daina ba, kun sani, amma akwai ihun da ban ƙara yin wasa da shi ba. Abin da ya fi tsaya mini ba wuƙar ba ce. Dariyar nan ce daga gindin mangwaro, mutanen da za su iya shiga wuta saboda ni suna zaune taku ashirin da ni suna cin tuwo, kuma ni na koya musu zaman. Ku da ke kan inji, a Kumbotso kuke ko a ina, in wuta ta ɗauke ku taka takun nan huɗu. Ba abin da ke bayan wuƙa da ya kai abin da za ku zura ku ɗauko shi da shi.

Kwanaki na bi ta wajen, na tarar Iya na nan gindin mangwaronta, ta ƙara tsufa amma bakin bai tsufa ba. Na durƙusa na gaishe ta, ma'aikata sababbi sun kewaye ta suna cin abinci. Na ga jama'a, sai abin nawa ya motsa. Na ɗaga hannu sama na ce, "Ku shaida, wannan hannun ba nawa ba ne, na Iya ne. Duniya da lahira na ba ta shi kyauta."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana kwasar tuwo ta ce:

"To in nawa ne me yake yi a sama? Ga tukwane can, a fara da ta miya."